Bayani ko bincike, allo ko kwamfuta: wanne sabon malami zai riƙe?

Duk inda masu koyon aikin malanta suka taru, musamman in lokacin fita koyarwar gwaji ya ƙarato, gardama ɗaya ce ke tashi. Wasu su ce zamanin da malami zai tsaya gaban allo yana zuba ya wuce, yanzu sai a bar yara su yi bincike da kansu, a kawo musu kwamfuta da majigi. Wasu kuma su ce duk burga ce, ai da allo da alli aka koyar da waɗanda suka ƙera kwamfutar. Ni ma ina cikin masu shirin shiga aji, kuma abin da na lura shi ne tambayoyi biyu aka cakuɗa wuri guda. Ta farko, wace hanya za ka bi: kai za ka yi bayani, ko yaro ne zai lalubo? Ta biyu, da wane kaya za ka yi aikin? Amsar ɗaya ba ta jan ɗayar. Akwai malamin da zai haska majigi ya tsaya yana karanta abin da ke jikin bango har a kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya buɗe baki sai shi. Akwai kuma mai guntun alli da ba zai yi minti 2 bai jefa tambaya ba. To wanne ne na zamani a cikinsu?

Kuma dole ne a zaɓa, don lokacin sabon malami kaɗan ne. Awar da ka ɓata kana ƙawata hotunan da za ka haska, ita ce wadda ba ka zauna ka tsara tambayoyinka ba.

Mu fara da hanya, ita ce mai nauyi. Masu cewa a bar yaro ya gano da kansa ba daga sama suka ɗauko ra'ayin ba. John Dewey a Amurka ya yi ta nanata cewa da aikatawa ake koyo. Maria Montessori ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907 a kan yaro ya taɓa da hannunsa, ya zaɓi aikinsa. Jean Piaget ya nuna cewa tunanin yaro ba irin na babba ba ne, gina fahimtarsa yake yi hawa-hawa. Abin da suke gudu kuwa abin gudu ne: ajin da yaro zai rera maka ma'anar abu tiryan-tiryan, amma da ka ɗan juya tambayar sai ya yi zuru. Shi ya sa wannan ra'ayi ya yi kane-kane a darussan dabarun koyarwa, har ɗalibin da ya rubuta a tsarin darasinsa cewa zai yi bayani yakan ji kamar ya yi laifi.

Sai dai an taɓa ɗora hanyoyin nan a sikeli. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin Amurka ta fara wani babban gwaji mai suna Follow Through, inda aka raba wa ƙungiyoyin masana makarantun 'ya'yan talakawa, kowa ya gwada tasa hanyar a ƙananan ajujuwa. Da sakamako ya fito a 1977, hanyar Siegfried Engelmann ce ta zo kan gaba, wato wadda malami ke gutsuttsura darasi ƙanana-ƙanana, ya nuna, yara su amsa, ya gyara nan take. Ba a karatu da lissafi kaɗai ta yi fice ba, har a ma'aunin yadda yaro ke yarda da kansa, fagen da ɗaya ɓangaren suka ɗauka nasu ne. An yi ta jayayya a kan yadda aka auna, kuma gaskiya ne ko a cikin hanya ɗaya wata makarantar ta yi kyau wata ta yi rauni. Duk da haka, ba wanda zai karanta sakamakon da zuciya ɗaya ya ce bayanin malami ne ke kashe wa yara basira.

Dalilin ya ƙara fitowa fili a aikin John Sweller na Ostareliya tun daga shekarun 1980. Gurbin da ƙwaƙwalwa ke riƙe sabon abu tana jujjuya shi ƙarami ne ƙwarai, abu kamar 4 yake ɗauka a lokaci guda. Wanda ya san fanni yana da ajiyar da zai jingina da ita, sabon shiga kuwa ba shi da komai. In ka jefa masa matsalar da bai taɓa gani ba ka ce ya gano, duk ƙarfinsa a lalube zai ƙare, ya taɓa nan ya taɓa can, ko ya dace da amsar ma bai san ta inda ya biyo ba. Sweller da abokan aikinsa sun sha nuna cewa sabon shigar da aka ba misalai warwararru, mataki bayan mataki, ya yi nazarinsu, yana fin wanda aka miƙa wa tambayoyi tsura ya yi ta fama. Tela ma ba ya miƙa wa sabon yaronsa yadi da almakashi ya ce gano yadda ake fitar da wuyan riga. Abin da ya fi damuna a nan shi ne wanda ke kwana a ciki. Yaron da ke da mai nuna masa a gida zai tsira ko da malami bai yi bayani ba. Wanda ba shi da kowa, aji ne kaɗai gatansa, kuma shi ne ke komawa hannu wofi ranar da aka ce kowa ya gano da kansa.

Mu ɗauki darasi guda mu duba shi da kyau: rabi a tara da sulusi, wato 1/2 + 1/3. Ka bar yara a rukuni-rukuni su nemo amsa, da yawansu za su tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, su kawo maka 2/5 suna murna. Ba wauta ba ce, ƙa'idar tarawar da suka sani suka bi. Matsalar ita ce sun yi minti 20 suna maimaita kuskuren, har ya fara zama. Yanzu ga ɗaya hanyar. Malami ya zana sanduna biyu masu tsawo ɗaya a allo, ya raba ta farko gida 2 ya cike ɗaya, ya raba ta biyu gida 3 ya cike ɗaya. Ya tambaya: waɗannan gidajen girmansu ɗaya? A'a, malam. To ta yaya za mu ƙirga su tare? Sai ya sake tsaga kowace sanda gida 6 a gabansu, su ga da idonsu rabi ya koma 3 cikin 6, sulusi ya koma 2 cikin 6, jimla 5/6. Ya yi misali na biyu suna taya shi. A na uku ya ajiye allin ya ce kowa ya rubuta tasa amsar a ƙaramin allonsa, in na ce ku ɗaga ku ɗaga tare. Can baya sai ga mutum 5 da suka koma wa tsohuwar hanya. Bai ce kun faɗi ba. Ya mayar da su misalin farko ya ce, da rabi da 2/5 wanne ya fi yawa? Rabi. To yaya za a ƙara wa rabi wani abu kuma ya ragu? A nan za ka ga fuska ta canza.

Wannan darasi malami ne ya ja ragamarsa, amma ba lacca ba ce, kuma a nan ne 'yan ɓangaren allo da alli ke shan ƙasa in sun ɗauka an ba su gaskiya. A 2014 Scott Freeman da abokansa suka haɗa bincike 225 a kan darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci a jami'o'i. A ajujuwan lacca zalla kusan kashi 34 cikin 100 ne ke faɗuwa, inda ake sa ɗalibai aiki a cikin aji kuwa kusan kashi 22. Wani gwaji a ajin fizis na jami'ar Harvard, wanda aka wallafa a 2019, ya ƙara da abin mamaki: ɗaliban da suka saurari lacca mai daɗi sun ce sun fi ƙaruwa, amma da aka yi jarrabawa waɗanda aka sa aiki ne suka fi ci. Ashe jin daɗin darasi da fahimtarsa hanyarsu daban. Sabon malami ya riƙe wannan, don yana da saurin ruɗuwa da gyaɗa kan yara.

Abubuwan da ke raba bayani mai rai da surutu ƙanana ne, kuma ba sa cin ko kwabo. Mary Budd Rowe ta auna a shekarun 1970 ta ga malamai na jiran kamar daƙiƙa 1 ce kacal bayan sun yi tambaya, kafin su amsa da kansu ko su tsallaka zuwa wani. Da aka koya musu su jira daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara ɗaga hannu. Ka gwada ka gani, daƙiƙa 3 a gaban aji shiru tana da tsawon gaske. Barak Rosenshine, wanda ya daɗe yana nazarin abin da ƙwararrun malamai ke yi, ya lura suna buɗe darasi da ɗan bita, suna yawan tambaya, kuma ba sa sakin yara su yi aiki su kaɗai sai ana samun amsa daidai kamar 8 cikin 10. A 2006 kuma Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka nuna cewa waɗanda suka yi ta maimaita karanta rubutu sun fi tunawa bayan 'yan mintuna, amma bayan mako guda waɗanda aka sa su rufe takardar su tuno da kansu ne suka yi gaba.

To yaushe bincike ke da amfani? In yaro ya samu abin da zai yi binciken da shi. Masu nazarin nan na ƙwaƙwalwa su da kansu sun gano cewa abin yana juyewa: warwararren misalin da ke taimakon sabon shiga, shi ne ke zame wa wanda ya iya nauyi da ɓata lokaci. Bayan yara sun ƙware a tara rabi da sulusi, ka ce su nemo hanyoyi 3 da za a haɗa kaso biyu a samu ɗaya cif, ka koma gefe. Bayan sun san abin da shuka ke buƙata, ka bar su su tsara gwajinsu na haske da duhu, su yi kuskure, su gyara. A darasin adabi ko tarihi, inda tambayar ba ta da amsa ɗaya, muhawara ita ce darasin, amma ko nan sai an karanta abin da za a yi muhawarar a kai. Ni dai ga matsayata: sabon abu da sababbin shiga, bayani da tambaya. Da ƙafa ta tsaya, a saki igiya. Ban ɗauke su kishiyoyi ba, ɗaya farkon mako ne ɗaya ƙarshensa.

Aikin rukuni yana da nasa tarkon. In ba a ba kowa abin da zai amsa da bakinsa ba, mutum ɗaya ne zai yi aikin, sauran su sa suna. Gara mutum biyu-biyu na minti 2 a kan tambaya guda, sannan ka kira wanda ka ga dama, da rukunin mutum 8 na rabin awa. Batun nan kuma da ake yawan faɗa, wai wani yaro da ido yake koyo wani da kunne wani da hannu, don haka a ware wa kowa nasa, masana sun bi diddiginsa a 2008 ba su samu hujjar da ta tsaya ba. Abin da ake koyarwa ne ke zaɓar siffarsa. Taswira sai an gani, furuci sai an ji.

Sai batun kaya. A nan tarihi na sa mutum ya rage zumuɗi. A 1913 Thomas Edison ya yi hasashen cewa ba da jimawa ba fim zai kori littattafai daga makarantu. Bayan fim aka ɗora buri a kan rediyo, sannan talabijin. A shekarun 1950 B. F. Skinner ya fito da injin koyarwa mai bai wa yaro tambaya ya gaya masa ko ya dace. Kowannensu ya samu ɗan gurbinsa, ba wanda ya yi abin da aka yi alkawari. Na kusa da mu shi ne shirin bai wa kowane yaro kwamfuta da Nicholas Negroponte ya sanar a 2005, wanda ya yi suna da kwamfutar dala 100. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwa. Da aka auna a makarantun firamare 319 na karkara bayan wata 15, yara sun iya sarrafa kwamfutar sosai, an ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma lissafi da karatu ba su motsa ba. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. A 2015 ƙungiyar haɗin kan tattalin arzikin ƙasashe ta OECD ta duba ƙasashe da dama ta ga waɗanda suka zuba maƙudan kuɗi a kwamfutocin makaranta ba su samu wani ci gaba na a zo a gani ba a karatu da lissafi da kimiyya. Ɗaliban da ke amfani da ita jefi-jefi sun ɗan fi waɗanda ba kasafai suke taɓawa ba, masu yawan amfani da ita kuwa su ne a ƙasa.

Wanda ya tsaya a nan zai ce to a tattara a mayar kwali. Bai yi adalci ba, don akwai wuraren da na'ura ke yi wa alli nisa. Ga na farko. A birnin Delhi na Indiya an gwada wata manhajar kwamfuta mai suna Mindspark da yaran ƙaramar sakandare, aka zaɓi masu shiga da ƙuri'a, suna zuwa bayan an tashi makaranta, rabin lokaci a kan kwamfuta rabi tare da mai koyarwa. Cikin wata 4 da rabi sun yi wa takwarorinsu fintinkau a lissafi da harshen Hindi. Sirrin ba ƙyalƙyali ba ne. Binciken ya nuna a aji guda akwai yaran da tazarar iliminsu ta kai ta aji 5 ko 6, malami kuwa tsarin karatun ajin yake bi, wanda aka bari a baya ya tafi kenan. Ita kuma kwamfutar tana fara auna inda yaro yake, ta ba shi aikin da ya yi daidai da shi, ko da na aji 3 ne alhali yana aji 7. Wannan aiki ne da mutum ɗaya ba zai iya yi wa yara 50 a lokaci guda ba. Bambancin Peru da Delhi shi ne a can an raba na'ura ana fatan alheri, a nan an ba ta aiki takamaimai. Kuma kada a manta, a Indiyar dai ƙungiyar Pratham ta samu nasara da irin wannan tunani ba tare da na'ura ba, ta hanyar rarraba yara gwargwadon abin da suka iya maimakon shekarunsu.

Wuri na biyu da na'ura ke yi wa alli nisa shi ne abin da ba ya zanuwa, ko mai motsi, ko mai haɗari. Shirin PhET na jami'ar Colorado, wanda Carl Wieman ya kafa a 2002, yana da gwaje-gwajen kimiyya na kwaikwayo kyauta. A na wutar lantarki za ka ja batir da waya da ƙwan fitila ka haɗa, ka ga wutar na zagayawa. Ka ƙara ƙwai na biyu a layi ɗaya, hasken ya ragu. Ka haɗa bakin batir biyu da waya tsura, wuta ta tashi a fuskar kwamfutar ba wanda ya ƙone. Amma ko nan hanya ce ke hukunci. In ka haska ka yi ta dannawa, kallo kawai suka sha. In ka tsaya kafin ka danna ka ce kowa ya rubuta, hasken zai ƙaru ko zai ragu, kuma don me, to lokacin da abin ya saɓa wa zatonsu ne ilimin ke shiga. Majigi ɗaya a hannun malami ya isa wannan, ba sai kowa na da tasa ba. Manhajar GeoGebra na yin irin wannan a lissafi, ka ja kusurwar alwatika ka ga jimlar kusurwoyin ta ƙi barin digiri 180.

Wuri na uku ba ya buƙatar dogon bayani. Yaron da ba ya gani sosai da manhajar da ke karanta masa rubutu, kurma da rubutun da ke bin magana a bidiyo, mai wahalar riƙe biro da maɓallan rubutu. A wurinsu babu ma zancen kwatantawa.

Inda na'ura ke cin bashi shi ne hankalin yaro. A makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka ta West Point an raba ajujuwan tattalin arziki da ƙuri'a, wasu an bar su da kwamfutocinsu wasu an hana. Waɗanda aka hana ne suka fi cin jarrabawa. In matasan da ke ƙarƙashin horon soja ba su tsira ba, ina ga ɗan shekara 13 da waya a ƙarƙashin tebur? Faransa ta hana waya a makarantu har zuwa kusan shekara 15 tun 2018, Holan ta bi sahu a sakandarenta daga farkon 2024, kuma rahoton UNESCO na 2023 ya ja hankali cewa a shigo da fasaha aji ne kawai inda ta tabbata tana taimakon koyo. Karatu ma haka. A 2018 an haɗa bincike 54 aka ga ana ɗan fi fahimtar rubutun bayani a takarda fiye da a fuskar na'ura, musamman in lokaci ya ƙure, ko da yake a labari bambancin bai fito ba. Suwidin, wadda ta yi nisa wajen saka na'urori a ƙananan ajujuwa, ta juyo a 2023 ta ƙara kuɗin sayen littattafai.

Allo da majigi kuwa, na fi karkata ga allo a duk darasin da ake gina shi mataki-mataki. Hannunka na rubutu da saurin da yaro zai iya bi, yana ganin inda ka fara da inda ka tsaya ka yi tunani, kuma matakin farko na nan a gefe lokacin da ka kai na huɗu. Shafin majigi yana faɗowa ne a kammale, da ka danna ya ɓace, wanda hankalinsa ya ɗan gushe ya rasa madafa. Ga kuma jarabar cika shafi da rubutu kana karantawa, ido na wani layi kunne na wani. Allo ma yana da aibinsa, kana juya wa aji baya, kuma ba zai nuna maka bugun zuciya ko aman dutse ba. Don hoto da taswira da gajeren bidiyo, majigi ba shi da na biyu. Haka manhajojin kacici-kacici da yara ke amsawa ta waya: suna ajiye maka sakamako, ka san wa ya faɗi me ko bayan wata guda. Amma masu ba da maki don sauri suna koya wa yaro canki-canka, kuma zaɓi suke nuna maka, ba yadda aka yi aikin ba. A ƙaramin allo kana ganin 2/5 ɗin da kuma inda ta fito.

Akwai tsarin da wasu malaman kimiyya biyu a Colorado, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, suka yayata tun wajen 2007: a kalli bayani a bidiyo a gida, a zo aji a yi aiki. Ga manyan ɗalibai masu riƙe kansu yana da kyau, don mutum na iya tsayar da malami ya mayar da shi baya sau nawa yake so ba kunya. Amma duk ginin a kan zaton kowa ya kalla yake. Lokacin annobar korona a 2020, UNICEF ta ƙiyasta cewa aƙalla yara miliyan 463 ba su da hanyar bin karatu daga nesa. Kafin ka ba da aikin gida mai buƙatar intanet, ka san waye ba zai iya ba, kuma ka sani ba zai ɗaga hannu ya faɗa a gaban abokansa ba.

Sai baƙuwar da ta shigo kwanan nan, ƙirƙirarriyar basira. Tun fitowar ChatGPT, manhajar nan da ke rubuto maka amsa in ka tambaye ta, a ƙarshen 2022 aikin gida ya shiga wani hali. An gwada wata manhaja irinta da ɗaliban sakandare kusan 1,000 a Turkiyya a darasin lissafi. Waɗanda aka ba manhajar ba takunkumi sun yi zarra a lokacin atisaye, amma da aka ɗauke ta aka yi jarrabawa sai suka gaza waɗanda ba su taɓa ta ba da kashi 17 cikin 100. Waɗanda aka ba wadda aka saita ta riƙa ba da haske maimakon amsa ba su yi wannan faɗuwar ba. A ɓangaren malami tana rage wahala, za ta fitar maka da tambayoyin atisaye 20 kafin ka gyara zama, amma sai ka warware kowacce da hannunka, don tana yin kuskure ba tare da muryarta ta yi rawa ba. Sunayen yara da makinsu kuwa ba abin zubawa a kowace manhaja ba ne, amana ce.

In aka ce in zaɓa yau, ga yadda zan raba ƙarfina a zangon farko. Kaso mafi tsoka zai tafi ga abin da zan buƙata a kowane aji, da wuta ko babu: yadda zan warware misali a allo, tambayoyin da zan yi da kuskuren da nake sa ran gani, da jiran daƙiƙoƙin nan. Na'ura zan ɗauki ɗaya ko biyu in iya su sosai, in kuma shiga da shirin abin da zan yi in sun ƙi tashi, don darasin minti 40 ba ya jure minti 10 na neman waya da lambar sirri. Ƙananan yara masu koyon karatu da rubutu, takarda da fensir da muryar malami. Ajin kimiyya na sakandare da babu ɗakin gwaji, majigi da gwajin kwaikwayo, tare da hasashe kafin dannawa. Aikin da nake son in san ko yaro ya iya da kansa, a aji za a yi shi ina kallo. In kuma na samu kaina a makarantar da ke da ɗakin kwamfuta da manhajar da ke auna matakin kowane yaro, zan karɓa hannu bibbiyu, in kai su sau 2 a mako, in zauna da rahoton da take fitarwa kafin in rubuta tsarin darasin mako mai zuwa. Waɗanda ta nuna sun maƙale a wuri ɗaya, su zan tara a gaban allo ranar Litinin, sauran su ci gaba da atisaye.